Maganin ciyawar da aka hana: amsoshin tambayoyin manoman Damagaram

Da damina ta kusa, tambayoyin da ke zuwa daga Magarya, Matamaye, Dungas da Mirya kusan iri ɗaya ne, duk a kan maganin ciyawa. Mun zaɓi waɗanda suka fi maimaituwa.

Wani manomi daga Magarya ya ce: "Na ji an hana maganin nan mai ƙone ciyawa rana ɗaya, amma ga shi jibge a kasuwa. Wane ne aka hana, kuma wa ya hana?"

Malam, sunansa farakwat, a jikin kwalba kuma za ka ga an rubuta Paraquat. Ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari a ƙasashen Sahel, wadda Nijar ke cikinta, ta hana shi tun 2011 bisa shawarar kwamitinta na magungunan gona, CSP. A 2015 aka ƙara da atarazin, wato Atrazine. Tarayyar Turai ta rabu da farakwat tun 2007, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ma ta sanar da hana shi daga farkon 2024. Wanda kake gani a kasuwa ta kan iyaka yake shigowa, ba da izini ba.

Kada babban sunan da ke gaban kwalba ya ruɗe ka, domin kamfanoni da yawa ne ke zuba abu ɗaya da sunaye daban. Ka nemi ƙaramin rubutun da ke faɗin sinadarin ciki. In ba ka karatun boko, ka sa yaro ya duba maka kalmomin nan biyu. Maganin da aka yarda da shi yana ɗauke da lambar CSP, wadda ke ƙarewa da APV-SAHEL ko HOM-SAHEL. Kwalbar da ba ta da wannan lamba, ko wadda aka ɗura a gorar lemo ana sayarwa da awo, ka bar wa mai ita.

Wani daga Dungas: "Shekara da shekaru muna fesa shi, ba abin da ya same mu. Mene ne illarsa?"

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi damunmu, don haka za mu ɗan tsaya a kanta. Farakwat ba shi da makari. Kurɓi ɗaya na wanda ba a sirka ba yana iya kashe babban mutum, balle yaro da ya tarar da shi a gorar lemo ya ɗauka abin sha ne. Abin da ke yaudarar mutane shi ne yadda yake aiki a jiki. Ranar farko baki da maƙogwaro su yi gyambo, a yi amai, sai mutum ya ga kamar ya samu sauƙi. Bayan kwana biyu ko uku ƙoda ta fara gazawa. Daga nan guba ta taru a huhu, huhun ya riƙa ƙanƙancewa yana tauri, numfashi na raguwa har mako biyu ko uku. A lokacin nan likita ba shi da abin yi da yawa.

Mai feshi kuma ta fata yake samun nasa. Famfon goyo mai yoyo a murfi yana jiƙa riga, rigar ta manne a baya tun hantsi har azahar, ga zufa, ga ƙuraje ko ƙaiƙayin da aka sosa. Ta nan yake shiga. Farce ya lalace ko ya fita, hanci ya riƙa haɓo, in ya fantsama a ido yana iya ɓata gani. Akwai kuma binciken da ya danganta daɗewa ana aiki da shi da ciwon karkarwar jiki da ake kira Fakinsan. Rashin faɗuwa a gona ba shi ne lafiya ba.

In wani ya sha, kada a ba shi nono ko mai, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi zuwa likita nan take, ko da ya ce lafiyarsa lau, a tafi da kwalbar. Garin gawayi na asibiti yana kama gubar ne kawai in an ba da shi cikin sa'o'in farko. In a jiki ya zuba, a tuɓe tufafin, a wanke da ruwa da sabulu. Ido kuwa a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na minti 15.

Mai rake daga kwarin Korama: "To atarazin fa? Shi ba ya ƙona fata."

Nasa laifin a ruwa yake. Yana daɗewa bai ruɓe ba, kuma ƙasa mai yashi ba ta riƙe shi, sai ya bi ruwan sama ya sauka ƙasa. A Korama da Gidimuni, inda ake haƙa 'yan mitoci a tarar da ruwa, rijiyar da ake ban ruwan rake ita ce sau da yawa ake sha. Ga kuma asara ta kusa: atarazin na kashe mai faɗin ganye, don haka wake, gujiya da riɗi da aka shuka tsakanin dawa za su yi rawaya su bushe, saurarsa a ƙasa kuma na iya taɓa kayan garkar da za a dasa bayansa.

Wani daga Matamaye: "'Yan ƙwadago sun yi tsada. In na bar shi, da me zan yi noma?"

Gaskiyarka, tsadar hannu ce ta kai mutane ga kwalba. Amma ka lura, farakwat ganye kawai yake ƙonewa. Ƙiri-ƙiri da aya-aya saiwarsu na nan, bayan mako biyu sun dawo, kuɗinka ya tafi.

A gonar hatsi ta jigawa, lokaci ya fi magani. Noman fari ya kasance kwana 10 zuwa 15 bayan tsiro, ciyawa na da ganye biyu ko uku, hauya na wucewa ba nauyi. A nan ne za ka rage hatsi ya koma uku a rami. Maimai ya biyo bayan mako biyu zuwa uku. Wanda ya bari ƙarangiya ta yi kai, aikin kwana uku ya zama na kwana goma, kuma ya shuka ta baɗi. In ka yi shuka a layi, garmar shanu ko ta jaki na shiga tsakani. Wake mai yaɗo yana rufe ƙasa ya danne ciyawar ƙarshen damina. A garka, shimfiɗar kara ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsa huɗu tana hana tsiro, tana kuma rage ban ruwa.

In dole sai magani, akwai masu sinadarin gilifosat, wato Glyphosate, da CSP ta yarda da su, na share fili kafin shuka. Shi ma ba ruwan sha ba ne: a 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. Yana bin ganye har saiwa, don haka sai kwana 7 zuwa 14 ake ganin aikinsa, kada ka ƙara feshi don gaggawa. Ruwan tabki mai laka yana kashe ƙarfinsa. Ka fesa da safe ba iska, a ranar da ba a sa ran ruwa cikin sa'a shida.

Awo shi ne inda aka fi kuskure. Ka auna fili na mita 10 a kan 10, ka fesa ruwa zalla da tafiyarka ta kullum, ka ga nawa ya tafi. In lita 2 ce, hekta guda na cin lita 200, wato famfo 12 da rabi mai lita 16. In takardar kwalba ta ce lita 4 a hekta, kowane famfo mililita 320 ke nan. In za ka yi feshi, ka sa takalmin roba, safar hannu ta roba, dogon wando da riga mai dogon hannu, da abin rufe hanci da ido. In bakin famfo ya toshe, a wanke da ruwa, kada a hura da baki.

Wata Hajiya daga Mirya: "Muna tsinko lalo da tafasa a gonaki, awakinmu ma can suke kiwo."

Hajiya, ki tambayi mai gona kafin ki tsinka. Ganyen da aka fesa da safe yana iya zama kore shar har zuwa hantsi, ba alamar komai. Mai feshi kuma haƙƙi ne a kansa ya kafa sanda da jan ƙyalle a bakin gona, ya sanar da maƙwabta da makiyaya. Masu fesa farakwat a kan wake don ya bushe da wuri su daina, domin waken mutane za su ci, harawar kuma dabbobi.

Wani kuma: "Ina da saura a ɗaka, in zubar?"

Kada ka zuba a rami, tabki ko masai, kada ka ƙona. Ka bar shi a kwalbarsa ta asali, a rufe, a kulle nesa da rumbu da hannun yara, ka sanar da ma'aikacin kare tsirrai na ma'aikatar noma ta yankinku. Kwalbar maganin da aka yarda da shi in ta ƙare, a ɗauraye sau uku ana juye ruwan cikin famfo, sannan a huda gindinta da ƙusa don kada wani ya zuba mai ko nono a ciki.