Da me kamfanin Airfix ya fara?

Ka tambaya ko da ƙananan jiragen sama na roba Airfix, kamfanin Birtaniya mai ƙera samfuran wasa na harhaɗawa, ya fara. A'a. Nicholas Kove, ɗan ƙasar Hungary, ya kafa shi a Landan a 1939, yana yin kayan wasan da ake hura wa iska, daga baya ya koma ƙera mataji.

A 1949 aka ba su kwangilar ƙaramin samfurin tarakta Ferguson. Harhaɗa ta da hannu na cin kuɗi, sai suka riƙa sayar da ita gutsi-gutsi, mai saye ya haɗa abinsa. Wannan dabarar ce ta fi burge ni. Sannan ƙaramin samfurin jirgin ruwan Golden Hind ya fito a shagunan Woolworths, cikin leda, sule biyu kacal. Samfurin jirgin saman yaƙi Spitfire bayansa ya zo.