Amsa ga Malam Sani: ka fara daga 1979

Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka tambayi littattafan da za su nuna maka yadda ƙungiyoyi masu ɗaukar makami da sunan jihadi suka taso. Kar ka fara daga harin da aka kai wa Amurka a 2001 kamar yadda kowa ke yi. Ka dawo nan gida Makka, asubar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a Shara Mansur a lokacin. Har ya rasu, in ana hirar wannan rana sai ya yi shiru, sannan ya ce mako biyu ba ɗawafi, sai ƙarar bindiga. Mutanen Juhaiman al-Utaibi, jagoran wata ƙungiya mai tsattsauran ra'ayi, sun shigo da makamai a cikin makara kamar masu kawo gawa a yi mata salla, suka rufe ƙofofin Harami, suka ce surukinsa Muhammad al-Ƙahɗani ne Mahadi. A Janairun 1980 aka zartar wa mutum 63 hukuncin kisa.

Tunda Larabcinka ya nuna, nemi "Ayyam ma'a Juhaiman" na Nasir al-Huzaimi. Shi ya zauna da su kafin ya janye jiki, don haka za ka ga abin daga ciki: samari masu son hadisi, daga baya suka rabu da manyan malamai, mafarki ya zama hujja, kowa ya saɓa musu ya zama ɗan gwamnati. Ni wannan ne ya fi tsorata ni, domin na ga irin yanayin a majalisun samarinmu. "The Siege of Mecca" na Yaroslav Trofimov ya fi daɗin karatu, amma ɗan jarida ne, gishirinsa kan ɗan yi yawa.

Daga nan sai "Jihad in Saudi Arabia" na Thomas Hegghammer. Ba ya da armashi, sai ka daure, amma shi ya warware mini bambancin mai zuwa Afganistan yaƙar Rasha a zamanin Abdullah Azzam, malamin da ya yi ta kira ga wannan yaƙi, da mai tayar da bam a Riyad a 2003. A da duk kuɗin goro nake musu. "The Looming Tower" na Lawrence Wright kuma ya taro zancen tun daga Sayyid Ƙuɗub, marubucin ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi wanda aka rataye a Masar a 1966, ya biyo ta zaman Usama bin Ladan a Khartum zuwa 1996, har harin 2001.

Na gida Najeriya, Alexander Thurston ya rubuta tarihin Boko Haram, ciki har da wa'azin Muhammad Yusuf a Maiduguri da rikicin 2009.

Abu ɗaya, ɗan'uwa: rubuce-rubucen su kansu 'yan ƙungiyoyin kar ka sauke su a waya, kar ka tura a wannan zaure. Ka san ƙasar da muke zaune, iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da wuyar salwanta. Na al-Huzaimi ina da shi, in ka shigo Misfala bayan la'asar ka karɓa aro.