Barin ChatGPT ya rubuta manhajar shago

Malam, ka tambaya ko za ka iya sakar wa ChatGPT rubutun manhajar shagonka gaba ɗaya. Tun fitowarsa a Nuwamban 2022 yake rage wa masu wannan aiki wahala, amma hasashen kalma ta gaba yake yi. Shi ya sa wani lokaci sai ya ƙirƙiro sunan laburaren Python (wato tarin shiryayyen rubutun manhaja da ake amfani da shi a Python, wani yaren rubuta manhaja) da babu shi, ya kuma faɗa maka ba ko shakka.

Ka riƙa karɓa kaɗan-kaɗan, ka gwada, ka adana a Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa rubutun manhaja. Kada ka manna masa kalmar sirri ko bayanan kwastomominka. Ɓangaren biyan kuɗi kuwa, ka kai wa ƙwararre kan tsaron intanet ya duba kafin ka fara amfani da shi.