Amsa ga Anti kan fulam ɗin da ya ƙi yin zaƙi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Anti, na saurari saƙonki. Kin ce kin sayo fulam, wato ɗan itacen nan mai ƙwallo ɗaya a ciki da ake kira plum da Turanci, a wani kanti kan titin Ahmadu Bello, kin naɗe shi a jarida yadda muke wa mangwaro, ya yi luɓus amma tsaminsa na nan. Wallahi ba ajiyarki ba ce ta ɓaci, tun daga gona aka cuce shi.

Kin ga mangwaro da ayaba, suna ɗanye cike suke da sitaci. Ko an tsinko su, sitacin nan ne ke juyewa ya koma sukari. Shi fulam kusan ba ya tara sitaci. Zaƙinsa ganyen bishiya ne ke haɗawa yana aiko masa kullum kaɗan-kaɗan, musamman a makonnin ƙarshe, bayan ƙwallon ciki ya gama tauri, lokacin da naman ke shan ruwa yana kumbura. To ran da aka cire shi, an datse hanyar ke nan. Iya sukarin da ya samu, shi ke nan.

Laushin kuma daban ne. Akwai iskar da yake fitarwa da kansa, etilin, ita ke ta da aikin nuna. Sai fektin, wato ɗankon da ya riƙe naman, ya fara narkewa. Koren fata ya gushe, ja ko shuni ya fito. Tsamin ma yana raguwa, amma kaɗan. Shi ya sa launin ke ruɗin mutane, don wani irin yana yin jawur tun bai ƙosa ba. Mu kuma namu daga nesa ake kawowa, irin su Afirka ta Kudu, dole su tsinke shi da tauri don ya jure tafiya. Abin yana damuna gaskiya, ga tsada, ga yara sun sa rai.

In za ki saya, ɗan danna wajen gindinsa, ki kuma sunsuna. In ba ƙamshi ko kaɗan, bar musu kayansu. Farar ƙurar da ke fatar ba datti ba ne, kakinsa ne na halitta. Kada ki jefa mai tauri a firij ya daɗe, naman yakan yi gari-gari.

Wannan da ke hannunki, ki dafa shi da ɗan sukari, a shafa a burodi. Amma a kula da yara, yana da sobitol, wani nau'in sukari, in suka ci da yawa yana sakin ciki.