Kafin ki karɓi shagon da masu giya suka bari a Bermondsey

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya: an rufe wata mashaya a layin giyar nan na unguwar Bermondsey a Landan, shagon yana neman ɗan haya, kina tunanin buɗe wurin tsire da masa saboda cikar da layin ke yi ranar Asabar. Shekara uku na yi ina gasa nama a bakin ɗaya daga cikin mashayun nan, har ranar da aka ja ƙyaurenta aka sa kwaɗo, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, doguwar gadar jirgin ƙasa ce ta bulo da ta taso daga London Bridge ta nufi Greenwich, tun 1836 jirgi ke bi ta kanta. Ƙarƙashinta an yanka shaguna masu rufin baka. A da makanikai da masu ajiyar kaya ne a ciki, saboda arhar haya. Da kamfanin Kernel ya fara dafa giya a 2009, sai ƙananan masana'antu suka biyo sahu, kowa ya ajiye tukwanensa a ƙurya, ya jera benci a gaba yana sayarwa kai tsaye. Riba a bencin take, don wanda ya sayar a ƙofarsa bai raba da dillali ba.

To Hajiya, cikar nan da kika gani ta yini ɗaya ce. Asabar daga azahar zuwa magariba, sai ɗan abin da ba a rasa ba daren Juma'a. Ki je ranar Talata da hantsi ki tsaya, ba abin da za ki ji sai ƙarar jirgi a saman kanki da motocin sauke kaya. Ni tebur da tanti kawai gare ni, in an tashi in naɗe in tafi, don haka yini ɗaya ya ishe ni. Ke kuwa hayar kwana bakwai za ki biya da cinikin kwana ɗaya. Kuma mutanen ba don nama suka zo ba, yunwar tsakanin mashaya da mashaya ce ke kawo su gabanki. Asabar ɗin da ta biyo bayan rufe mashayar da nake jikinta, ko rabin naman da na saba ban sayar ba, alhali layin yana nan cike. Taron ya matsa gaba ne kawai da taku ɗari biyu.

Maganar zama a tsakiyar masu sha kuwa, wannan tsakaninki da malamanki ne. Ni dai ban taɓa kai giya baki ba, amma ba zan ɓoye miki ba, raina bai taɓa kwanciya da wurin ba, musamman in yamma ta yi an fara tangaɗi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki gano me ya kori na gabanki. Maigidan da na zauna a ƙofarsa ba malalaci ba ne, kuma kayansa na da masoya. Abubuwa ne suka taru masa. Kullen korona na 2020 ya bar shi da bashi. A 2022 kuɗin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabi bayan yaƙin Yukiren, shi kuwa sana'arsa tafasawa ce da sanyayawa dare da rana. Sha'ir ya hau, gwangwani ya hau, har iskar da suke ɗura wa giyar ta yi wuya. Ba shi kaɗai ba ne: masu dafa giya na Partizan sun bar unguwar a 2023, na Fourpure ma sun rufe nasu a 2024. Kar ki ce wannan matsalar masu giya ce. Firjinki da murhunki wutar nan dai za su sha.

Sai haya. A 2018 hukumar Network Rail, mai kula da layukan dogon Birtaniya, ta amince ta sayar da shagunanta kusan 5,200, galibinsu na ƙarƙashin gada, ga kamfanonin zuba jari Blackstone da Telereal Trillium a kan fam biliyan 1.46. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba sadaka ya zo yi ba. Kuma masu giyar da kansu ne suka ɗaga darajar layin, suka mai da shi wurin yawon buɗe ido, ƙarshe hayar ta fi ƙarfin wasunsu.

In har zuciyarki na kan shagon, kar ki sa hannu sai lauya ya karanta takardar. Ya duba miki ko an cire yarjejeniyar daga kariyar dokar haya ta 1954, don in an cire, ranar da wa'adi ya cika ba ki da haƙƙin sabuntawa. Ya duba yaushe za a sake duba kuɗin haya, da wanda zai ɗauki nauyin gyara ranar fita. Ki je da kanki ranar da ake ruwa ki ɗaga kai, bulon nan yana tsattsafo, sanyin hunturu a ciki kuma ba a magana. Babbar matsalarki ma hayaƙi ce. Jirgi ne a samanki, ba za a bar ki ki huda rufi ba, gawayi a ƙarƙashin layin dogo kuwa sai an kai ruwa rana kafin a yarda, in ma an yarda. Ki tambayi ƙaramar hukumar Southwark, wadda unguwar ke ƙarƙashinta, da mai shagon tun kafin ki kashe ko sisi.

Alherin da ke ciki shi ne masu giya kan bar magudanar ruwa mai kyau a daɓe da wuta mai ƙarfi, wani lokaci har da ɗakin sanyi. Da ni ne, ɗakin girki zan mai da shi: abincin biki da suna, kilishi da yaji a leda, aike zuwa gidaje. Masu sayen kayanki na gaskiya suna Peckham da Old Kent Road, tafiyar mintuna kaɗan. Ni ma can na koma, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na fi samun ciniki. In za ki je duba shagon ki yi min magana, na san inda ruwa ke zuba a irinsu.