Nawa ake biyan likitan yara mai horon ƙwarewa a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya Likita, ya aiki ya ƙoƙari. Ni likita ce, ina shirin rubuta jarabawar USMLE ta samun lasisin aikin likita a Amurka don in nemi rezidensi, wato horon ƙwarewa, a ɓangaren yara a can, to maigidana ya ce kafin mu zuba kuɗi in bincika tukuna, wai ana biyan mutum albashi ne ko shi ne zai biya kamar makaranta? Kuma in Allah ya kawo rabo a tsakiyar horon ya ake yi?
— Wata likita

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ce wa maigida ya kwantar da hankali, biyanki za a yi. Shekara uku ne horon likitan yara, ana farawa wajen 1 ga Yuli, kuma a 'yan shekarun nan albashin shekarar farko yana kaiwa dala 60,000 zuwa 70,000 a shekara a yawancin asibitoci, wasu na Niyok da Kalifoniya ma sun haura 80,000. Duk shekara ana ɗan ƙara dubu biyu ko uku. Kuma ba ruwan albashin da fannin da kika zaɓa, ke da mai koyon tiyata in dai asibiti ɗaya kuke kuma shekara ɗaya kuka shiga to kuɗinku ɗaya, ba a ciniki ba a neman ƙari, abin da ke rubuce a kwantiragi shi ke nan.

To amma fa kar ki ɗauki kalkuleta ki fara murna. Mu ɗauki 65,000, in kin raba gida 12 kusan 5,400 ke nan a wata, sai gwamnatin tarayya ta cire harajinta, jiha ta cire nata (sai dai irin su Tekzas da Filorida da ba sa karɓar harajin albashi), a cire kuɗin inshorar lafiya, abin da zai shigo asusunki bai fi 4,000 da ɗan wani abu ba. A Manhatan ko Boston hayar gida mai ɗaki ɗaya kaɗai tana iya lashe 3,000, alhali a wasu garuruwan Ohayo ko Mishigan da rabin wannan ma kin samu gida mai kyau. Shi ya sa in na ga mutum yana zaɓen asibiti don ya ga lamba babba nake cewa bai yi lissafi ba, mai 62,000 a ƙaramin gari sau da yawa ya fi mai 80,000 a Niyok ajiye kuɗi, in akwai yara kuwa ba a magana, don kuɗin gidan raino a can wani lokacin kafaɗa da kafaɗa yake da kuɗin haya.

Sai aikin kansa. Hukumar ACGME da ke kula da horon ta ƙayyade tun 2003 cewa kar a wuce awa 80 a sati in an haɗa sati huɗu an raba, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai, kuma kwanan asibiti kar ya wuce awa 24 a jere sai ƙarin lokacin miƙa marasa lafiya, wanda tun 2011 awa 4 ne. Wannan fa iyaka ce, ba kullum ake kaiwa can ba, watan kilinik da sauƙi, amma watan ɗakin jarirai bakwaini ko ɗakin kulawa ta musamman za ki ji a jikinki. In kin raba albashin da awannin irin wannan watan sai ki ga bai kai dala 20 a awa ba.

Inda ya kamata ki buɗe ido sosai shi ne abubuwan da ke biye da albashin, nan ne asibitoci suka bambanta. Inshorar lafiya kowa yana bayarwa, tambayar ita ce nawa za a cire in kin saka miji da yara, wani wajen kusan kyauta ne wani wajen ɗaruruwan daloli ne duk wata. Inshorar kariya in an kai ki ƙara kotu kan aiki asibiti ne ke ɗauka. Hutun shekara sati uku ko huɗu. Akwai alawus ɗin abinci ranar kwana, kuɗin littattafai da zuwa taro, wasu su biya miki Step 3, wato matakin ƙarshe na USMLE, da lasisi, wasu kam ke za ki biya. Ki tambayi kuma ko likitocin wajen suna cikin ƙungiyar ƙwadago irin CIR, don inda take ana zama teburi a kan albashi da alawus ɗin gida.

Maganar ciki kuwa, tun 1 ga Yuli 2022 ACGME ta wajabta wa kowane asibiti ba da aƙalla sati shida da cikakken albashi, sau ɗaya a tsawon horon, ko na haihuwa ko jinyar kai ko ta wani naki, kuma maza ma suna da shi. Sati shida ga mai jego kam ba wani abu ba ne, ko arba'in da ƙyar ya haura, in kin ɗauki hutun da ya wuce abin da hukumar jarabawar ƙwarewa ta likitocin yara ta yarje sai kin biya ranakun a ƙarshe.

Abu biyu kafin in bar ki. In da bizar J-1 kika shiga, wadda ECFMG, hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ke tsaya wa likitoci, ba ki da damar yin aikin gefe don ƙarin kuɗi, amma maigida da ke kan J-2, bizar iyalan mai J-1, zai iya neman izinin aiki. Sannan ki tafi da ɗan guzuri a hannu, albashin farko sai tsakiyar Yuli ko ƙarshensa, mai gidan haya kuwa ba zai jira ba.

TAMBAYA: Salam Likita. Ɗana ya kusa gama shekara ukunsa na likitan yara a Amurka, muna ta murna, sai ya ce wai zai ƙara wasu ukun na feloshif, wato ƙarin horon ƙwarewa, a kan cututtuka masu yaɗuwa. Kuɗinsa zai ƙaru ne in ya gama?
— Wani uba

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiyar ba mai daɗin ji ba ce. A feloshif za a ci gaba da lissafa shi a matsayin ɗan shekara ta huɗu, ta biyar, ta shida, wato wajen dala 70,000 zuwa 85,000, alhali abokinsa da ya fita ya kama aiki yana karɓar kusan 200,000 ko fiye. Ku lissafa giɓin sau uku.

A fannin manya sau da yawa ana fanshe wannan daga baya, a yara kuwa ba lallai ba. Binciken da aka buga a mujallar Pediatrics a 2011, aka sake a 2021, ya nuna cewa in an haɗa abin da mutum zai samu tsawon aikinsa, fannonin zuciya da kulawa ta musamman da jarirai ne ke mayar da kuɗin, amma irin su cututtuka masu yaɗuwa da na sikari da sinadaran jiki suna ƙasa da likitan yara na gama-gari. Dalili kuwa, yara da yawa a Amurka suna kan Medicaid ne, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, wanda biyansa ya gaza na sauran inshora, kuma tsarin ya fi biyan aikin hannu irin saka bututu a kan zaman tunani da duba sakamakon gwaji, wanda shi ne yawancin aikin da ɗanku ya zaɓa.

Ni dai ba zan ce ku hana shi ba Baba, fannin yana ƙarancin mutane har guraben horon ba sa cika duk shekara, aiki ba zai yi masa wuya ba insha Allah. Ku dai zauna da shi ku ji nawa zai iya turowa gida a shekaru ukun nan, don kar a ɗora masa hidima a kan albashin da bai fara karɓa ba.