Shin Gawayi Zai Iya Tace Ruwan Rini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni marini ne a cikin garin Sakkwato. Ruwan da muke zubarwa bayan rini yana bin kwata, maƙwabta suna ta ƙorafi. Ɗana da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ce gawayi na tsotse launin. Gaskiya ne? Kuma gawayin girki zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ya faɗi gaskiya, amma da sauran bayani.

Launin da ya narke a ruwa, ko da ƙyalle goma ka tace shi, wucewa zai yi. Abin da gawayi ke da shi daban ne: cikinsa cike yake da 'yan ramuka da ido ba ya gani, launin kuma yana manne wa bangon ramukan yayin da ruwa ke ratsawa. Saboda haka ƙarfin gawayi yana ga yawan wannan bango. Wanda aka sarrafa musamman don tacewa, giram ɗaya kacal yakan ɗauki faɗin murabba'in mita 500 zuwa sama da 1,000. Ana samun haka ne ta hanyar sake gasa shi da tururi a zafin digiri 800 zuwa 900, ko a jiƙa abin da za a yi gawayin da shi a asid ɗin fosforik kafin a ƙona, ramukan su buɗe.

Na girki kuwa yawancin ramukansa a toshe suke da daskararren hayaƙi. Zai rage launi, musamman idan ka daka shi ka wanke, amma da wuri yake ƙoshi. Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan yin mai kyau a ƙofar gida suke: ɓawon gyaɗa, ƙwallon goruba, ɓuntun shinkafar da ake nomawa a fadamar Rima. Tarawa ake yi a cinna musu wuta a banza.

Kada ka fara da gawayi. Tara ruwan a rami ko ganga, zuba alif, ka bar shi ya kwana, laka ta kwanta. Na saman ne za ka bi da shi ta wata gangar da ka jera tsakuwa a ƙasa, yashi, sannan gawayi mai kauri. Ruwan ya riƙa sauka a hankali. Idan ya zubo da gudu, launin bai samu zarafin mannewa ba. Ranar da ka ga launi ya fara ɓullowa ta bakin famfon, gawayin ya cika, sai sabo.

Inda nake so ka saurare ni da kyau shi ne batun soda. Rinin zamani da soda mai ƙuna ake haɗa shi, ita kuwa gawayi ba ya kama ta. Ruwa zai iya fitowa garau amma har yanzu yana cin fata. Nemi takardar gwajin pH, wadda ke nuna ƙarfin soda ko asid a ruwa da lamba, wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Tsakanin 6 da 9 ake so kafin a saki ruwan. Alif ɗin ma yana taimakawa wajen karya ƙarfin sodar. 

Sannan dattin bai ɓace ba, cikin gawayin ya koma. Kada a yi girki da shi, kada a kai shi gona da sunan taki, kada a zubar inda ruwan damina zai kwashe shi zuwa gulbi. A shanya shi tare da lakar, a binne a ramin da aka daɓe da yumɓu, nesa da rijiya. Ruwan da ka tace kuma ba na sha ba ne, ba na dabbobi ko ban ruwan albasa ba. Ka mayar da shi ɗaurayar farko a marinarka, ka rage kuɗin 'yan garuwa.